Yadda muka nemo wa ɗana kulob bayan an sallame shi a League Two

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, ƙungiyoyin ƙwallon Ingila kan fitar da takarda mai jeri uku: waɗanda kwantiraginsu bai ƙare ba, waɗanda aka yi wa tayin sabuntawa, sai waɗanda aka sallama. Wanda Arsenal ko Liverpool ta saka a jeri na uku, kafin ya isa gida wayarsa ta fara ruri. A League Two, mataki na huɗu a ƙwallon Ingila, ba haka abin yake ba. A can ne sunan ɗana na fari ya fito a jerin sallama, yana ɗan shekara 19.

Ni mutumin Zariya ne, karatu ya kawo ni arewacin Ingila, aikin asibiti ya riƙe ni. Shi kuwa a nan aka haife shi, Bature ne a takarda, Bahaushe a gida. Tun yana shekara 9 kulob ɗin ya ɗauke shi a makarantarsa ta horar da yara. Da ya kai 16 suka ba shi gurbin shekara biyu da ake ba matasa, rabin mako atisaye, rabin mako aji. Da ya cika 18 aka kira su ɗaya bayan ɗaya, akasarin abokansa aka ce su nemi wani wuri, shi aka ba shi kwantiragin ƙwararre na shekara guda. Ranar mahaifiyarsa ta yi girki kamar na Sallah. A wannan shekarar bai taɓa fara wasan gasa ba. Ya buga a kofin EFL Trophy, wanda koci kan gwada yara a cikinsa, sannan aka ba da shi aro na 'yan watanni ga wani ƙaramin kulob da ke kusa da mu.

Ganawar sallamar ba ta ɗauki lokaci ba. Daga filin ajiye motoci ya kira ni.

"Baba, sun ce ba za su sabunta ba."

Na ce, "To, Allah Ya sa hakan ne alheri. Za ka iya tuƙi, ko in zo?"

Ya ce zai iya. Dalilin da koci ya ba shi shi ne suna neman ɗan baya wanda ya riga ya buga wasanni masu yawa a wannan matakin, wanda zai shiga ya tsaya ba sai an koya masa ba. Na yi fushi a lokacin, amma maganar tana da tushe. Kocin League Two, idan aka ci shi wasa biyar a jere, shi ma aikinsa na rawa. Ba shi da sararin jiran yaro ya nuna.

'Yan'uwa a gida ba su gane me ya faru ba, kuma ban ga laifinsu ba. A gidan kallo Firimiya ake nunawa, kulob 20. Ƙarƙashinta akwai Championship, da League One, da League Two, kowanne da kulob 24, kowane kulob yana buga wasa 46 a kaka. Idan ka haɗa su duka 92 ke nan. Daga nan sai National League, mataki na biyar, inda yawancin ƙungiyoyi har yanzu ƙwallo ce sana'ar 'yan wasansu safe da yamma, amma kulob biyu kacal ke haurawa League Two a shekara. A ƙasanta gasar ta rabu biyu, ta Arewa da ta Kudu, a nan ne ake fara cakuɗa ƙwallo da wani aikin. Tsani ne mai tsawo, ya gangara har zuwa ƙungiyoyin ƙauye. Wani ƙanena ya turo saƙo yana tambaya ko yanzu yaron zai koma Chelsea ne tunda ya samu 'yanci. Ban ma san ta inda zan fara ba shi amsa ba.

Abu na farko da muka yi shi ne zama da kwantiragin muka karanta. Yana ƙarewa ran 30 ga Yuni, kamar na kowa. Sannan muka gane wani abu da ya zama ɗan sauƙi a cikin wahalar: a Ingila, ɗan wasan da bai kai shekara 24 ba, idan kulob ɗinsa ya yi masa tayin sabuntawa ya ƙi, duk wanda ya ɗauke shi sai ya biya diyyar renon da aka yi masa. Tunda shi sallamarsa aka yi, ba a bin kowa ko fam ɗaya. Ƙaramin kulob zai iya ɗaukarsa ba tare da ya taɓa asusunsa ba, ban da albashi.

Abu na biyu, ƙungiyar 'yan wasa ta PFA. Tun 1907 take, kuma duk wanda ya taɓa zama ɗanta ba ta rufe masa ƙofa ko bayan ya bar ƙwallo. Ita ce ta duba mana takardu, ta kuma faɗa masa akwai tallafin kuɗin karatu ko koyon sana'a idan yana so. A lokacin ko sauraron wannan sashen bai yi ba. Ni na rubuta lambar na ajiye.

Sai bidiyo. Duk kocin da ka tuntuɓa, kafin ya tambayi sunan yaro zai ce a turo masa bidiyo. Mai nazarin wasanni na tsohon kulob ɗin, Allah Ya saka masa, ya haɗa mana 'yan mintoci na wuraren da ya tare ƙwallo da ka, ya ƙwace, ya ba da doguwa. Ya ce kada mu sa kiɗa, kada mu tsawaita, kuma mu fara da abin da ya fi kyau, don ba mai kallo har ƙarshe. Da dare bayan na taso aiki, ni da shi muke zama a teburin cin abinci muna tura wa ƙungiyoyi. Mafi yawa ba su amsa ba.

Waɗanda suka amsa da sauri su ne waɗanda ba mu tura wa ba. Ana ganin sunan yaro a jerin sallama, masu kiran kansu wakilai suka fara shigowa ta Instagram. Wani ya ce yana da hanya a wani kulob a ƙasashen Sikandinabiya, mu dai tura kuɗin rajista da na masauki. Na ce ya ba ni sunansa kamar yadda yake a rajistar hukumar ƙwallon Ingila, don hukumar tana wallafa sunayen wakilan da ta sani. Daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya gwada ɗan wasa. Duk wanda ya ce ka biya, ɗanka ba shi ne hajar da yake so ba, aljihunka yake so.

Akwai wata hukuma, LFE, da ke kula da karatun matasan ƙungiyoyin EFL, wato na Championship da League One da League Two, ita kan shirya wasannin gwaji ga waɗanda aka sallama. Mun je ɗaya. An raba yaran gida biyu, an ba kowa riga da lamba, yaran da ba su taɓa wasa tare ba. A gefen fili masu farautar 'yan wasa na tsaye da takarda a hannu, wasu daga ƙananan ƙungiyoyi, wasu daga jami'o'in Amurka masu ba da gurbin karatu. Yadda suke leƙa takarda su leƙa yaro, su matsa kusa da juna su yi ƙus-ƙus, sai ya tuna mini da dillalan kara ranar kasuwa. Tsarin yana da amfani, yara da dama sun samu wuri ta nan. Sai dai wasa ne da kowa ke son a gan shi, ba mai son ba da ƙwallo. Ɗan gaba na iya yanke mutum biyu ya burge. Ɗan baya mai hankali, wanda aikinsa shi ne ya tsaya inda ya dace tun kafin matsala ta taso, da wuya a lura da shi.

Duk da haka wani ya lura. A farkon Yuli, lokacin da ƙungiyoyi ke komawa atisayen share fage, wani kulob na National League da ke can kudu ya ce ya zo gwaji. Ba albashi, ba masauki. Wani bawan Allah ɗan Sakkwato da muka sani ta hanyar masallaci ya ba shi ɗaki a gidansa, matarsa tana ajiye masa abinci. Na sauka na kalli wasan sada zumunci guda. Da na karɓi takardar sunayen 'yan wasa a bakin ƙofa, na bi ta sama har ƙasa ban ga sunansa ba. A lamba 15 an rubuta cewa ɗan gwaji ne, shi ke nan. Haka al'adar take, don kada wani kulob ya gane wa ake gwadawa ya riga su. Su kusan biyar ne a haka a ranar. Wani tsoho kusa da ni, da hular kulob da kofin shayi, yana ta yabon "wannan mai lamba 15 ɗin", ni kuwa na yi shiru ina murmushi.

Ya yi ƙoƙari, kocin ma ya faɗa. Amma da aka zo maganar takarda sai ya ce kuɗin da aka ware masa ya kusa ƙarewa, abin da zai iya shi ne ya yi masa rajista ba tare da kwantiragi ba. Ma'anar wannan, za a biya shi ɗan abin da aka yi alkawari mako-mako, kuma ranar da aka ga dama a ce masa ya tafi, ba wani bayani. Shi ma yana iya tafiya: kulob ɗin da ke son ɗan wasa irin wannan sai ya ba da sanarwar kwana bakwai kafin ya yi masa magana. Idan ya ji rauni kuwa, to sai dai Allah. Na lissafa kuɗin hayar ɗaki a kudancin Ingila, na ga abin da za a ba shi ba zai biya ba. Ashe ni zan riƙa ciyar da ƙwararren ɗan wasa.

A daidai lokacin kocin ƙaramin kulob ɗin da ya taɓa zuwa aro, na National League ta Arewa, ya kira. Shi kwantiragi ya kawo, na kaka guda. Atisaye Talata da Alhamis da dare, wasa ran Asabar. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga gida.

A nan ne aka yi zaman da ya fi kowanne zafi a gidanmu. Shi yana ganin idan ya sauka mataki na shida, ya koma atisaye sau biyu a mako, to ya fita daga sahun ƙwararru, kuma ba a dawowa. Mahaifiyarsa kuwa so take a rufe babin gaba ɗaya ya tafi jami'a.

"Baba, Vardy fa?" in ji shi, amma ta wata fuskar yake nufi, wai ai Vardy ɗaya ne a cikin dubbai.

Labarin Jamie Vardy kowa a ƙananan gasanni ya haddace shi. Sheffield Wednesday ta sallame shi yana 16. Ya koma Stocksbridge Park Steels ana ba shi fam 30 a mako, yana aiki a masana'anta da rana. Halifax ta ɗauke shi a 2010, Fleetwood a 2011, Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012, ya ɗauki kofin Firimiya a 2016, bazarar da Ahmed Musa ya iso kulob ɗin. Akwai Rickie Lambert, wanda ya bi ta Macclesfield da Stockport da Rochdale da Bristol Rovers, bai sa rigar Ingila ba sai 2013 yana da shekara 31, ya kuma ci Scotland da taɓawarsa ta farko. Michail Antonio daga Tooting & Mitcham ya fito. Ni ba na son a riƙa lallashin yara da waɗannan sunaye, don a kan kowane Vardy akwai ɗaruruwan da suka yi ta jira har gwiwa ta gaji. Amma abu ɗaya na gani a labarinsu duka, na kuma faɗa masa: ba wanda aka gano shi yana zaune a benci. Wasa suke bugawa duk Asabar, da manya, a gaban mutanen da suka biya kuɗin shiga. Na ce masa, "A kudu kai ne na huɗu a layin 'yan baya. A nan kai ne na biyu. Ka zaɓa."

Ya kwana biyu bai yi maganar ba. Sannan ya ce in raka shi a sa hannu.

Ofishin sakataren kulob ɗin ɗan ɗaki ne a bayan rumfar 'yan kallo, da injin dafa shayi da tarin riguna a kwali. Sakataren dattijo ne mai ritaya, aikin sa kai yake yi. Na zo da tambayoyina a rubuce. Albashin na mako ne, amma mako nawa? A wannan matakin ƙungiyoyi da yawa daga fara kaka zuwa ƙarshenta suke biya, watannin bazara ba ko sisi. Nasa ma haka ne. Akwai ƙarin kuɗi idan ya fara wasa, akwai idan an ci. Na tambayi batun rauni, don a 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan sauyin da aka yi wa kwantiragin 'yan wasan da ke ƙasa da League Two game da albashin wanda ya ji ciwo, har kyaftin-kyaftin na National League suka haɗa kai suka rubuta ƙorafi. Na sa ya nuna mini sakin layin da yatsa, na karanta da kaina. Sai tambayar da ta fi nauyi a baki: ana biyan albashi a kan kari? Ba rashin kunya ba ne. Mun ga yadda aka kori Bury daga EFL a watan Agustan 2019, kulob mai fiye da shekara 130, mun ga yadda kotu ta rushe Macclesfield Town a 2020 bayan 'yan wasanta sun sha zama ba albashi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce in tambayi kyaftin, ya ba ni lambarsa, na kuma tambaya.

Dattijon ya ja hankalin yaron a kan abu guda kafin ya miƙa masa biro: tun 2014 hukumar ƙwallon Ingila ta hana 'yan wasa, har da na wannan matakin, yin caca a kan kowane wasan ƙwallo a ko'ina a duniya. Yaron ya ce shi dama addininsa ya riga hukumar hanawa. Muka yi dariya, aka sa hannu, mai kula da lafiyar 'yan wasa ya lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu, aka ɗauke shi hoto riƙe da gyalen kulob.

Ƙwallon da ya tarar wata iri ce. A makarantar yara an koya masa ya karɓa daga mai tsaron gida, ya ɗaga kai, ya fito da ita a ƙasa. A nan, wasansa na biyu, wani ɗan gaba mai shekara talatin da wani abu, wanda ya zagaya League One da League Two ya gangaro, ya fasa masa leɓe da gwiwar hannu tun ba a yi minti goma ba, alƙali ko kallo bai yi ba. Abokin tsayuwarsa a baya, wanda shi ne kyaftin, mai aikin filasta ne, yana zuwa atisaye da farin ƙura a gashi. Akwai malamin firamare, akwai mai raba wasiƙu, akwai masu tuƙa motar kai kaya. Waɗannan mutane kuɗin nasara na cikin lissafin cefanensu, saboda haka idan yaro ya yi wasa da ƙwallo a bakin raga aka ci su, ba koci ne zai fara yi masa faɗa ba. Cikin wata biyu ya koyi abin da shekara goma ba su koya masa ba: yaushe ake wasa, yaushe ake dokawa can gaba a huta.

Tafiye-tafiyen ma nasu daban ne. Sunan gasar Arewa, amma saboda yadda ake raba ƙungiyoyi, an sha jefa na tsakiyar ƙasa da ma na ƙasa da nan a cikinta, Gloucester City ta yi shekaru a ciki. Wasan Talata ƙarfe 7:45 na dare ake take shi. Mutum ya tashi aiki, ya kama babbar hanyar M6 ko M62, ya buga minti 90 cikin ruwa da iska, ya iso gida bayan sha biyun dare, da asuba ya tashi. Filayen wasu ciyawar roba ce, wadda aka yarda da ita a nan amma EFL ba ta yarda ba. Harrogate Town a 2020 da Sutton United a 2021 sai da suka tone nasu bayan sun haura League Two.

Da azumi ya zo na damu. Shi kaɗai ne Musulmi a cikinsu. Tun 2021 aka ga an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyate su sha ruwa, amma wancan Firimiya ce, da kyamarori. A wani wasan dare, kyaftin ɗin nan mai filasta shi ya je ya sami alƙali tun kafin a fara. Rana ta faɗi ana tsakiyar zagayen farko. Da ƙwallo ta fita, alƙali ya ɗaga hannu, yaron ya ruga gefen fili, mai kula da kaya ya miƙa masa dabino uku da na ba shi a leda da gorar ruwa. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka ci gaba. Wasu 'yan kallo suka tafa, wasu suna tambayar juna ko rauni ya ji. Bayan wasa, al'adarsu kowa ya shiga mashayar kulob a gaisa da magoya baya da masu ɗaukar nauyi. Yakan shiga, ya karɓi lemu, ya gaisa, ya fito.

Abin da kowa ke mafarki a wannan matakin kofin FA ne. Su tun Satumba suke shiga zagayen share fage, ƙungiyoyin League One da League Two sai Nuwamba, manya sai Janairu. Maidstone United, 'yar mataki na shida kamar su, ƙarƙashin George Elokobi ɗan Kamaru, ta je har gidan Ipswich ta fitar da ita a Janairun 2024. Wasa ɗaya irin wannan na iya riƙe kulob shekara guda. Su dai an fitar da su tun kafin Nuwamba, a hannun wata ƙungiya da ke ƙasa da su, a wani fili mai gangara.

Lambar nan ta PFA da na ajiye, shi da kansa ya tambaye ni ita wajen tsakiyar kaka, bayan ya gaji da zaman gida da rana yana jiran dare. Ya shiga koyon aikin wayarin lantarki, kwana ɗaya a kwaleji, sauran a wurin aiki tare da wani magoyin bayan kulob ɗin mai ɗan kamfani, wanda ke sakinsa da wuri ranakun wasa. Mahaifiyarsa ba ta daina maganar jami'a ba, amma ta rage.

Ya gama kakar da wasanni fiye da duk abin da ya buga a shekaru biyun da suka gabace ta. An ce masu farauta daga National League sun zo kallonsa, ba wanda ya kira. Da Mayu ya sake kamawa kocin ya zaunar da shi, ya ba shi sabuwar shekara guda da ɗan ƙari a albashi, da sharaɗin cewa idan kulob na EFL ya zo nema ba za a tsawwala kuɗi ba. Wannan karon ni ban je ba, shi ya karanta takardar, ya sa aka gyara sakin layi ɗaya a kan makonnin biya, sannan ya sa hannu. Mai filastan nan aka sallama, yana da shekara 33, ya koma wani kulob a mataki na bakwai.